Sarkin da Ya Rage wa Gwadabe

Dubu talatin wani baƙo yake bin Gwadabe mai zane, na Madabo. Kafin alƙalami ya ba shi, kan ya zana masa karta tasa ta kansa, sarakunan da rawani irin namu. Gwadabe ya cinye kuɗin tas, alhali saura sarki ɗaya.

Ran nan bayan isha'i an ɗauke wuta, yana shirin rufe shago, sai warin tsohuwar takarda ya cika wurin. Ga baƙon ya tokare ƙofa, babbar rigarsa har ƙasa. Shagon kuwa ko taga babu.

"Malam Gwadabe, kayana."

"Alhaji, a yi haƙuri, fuskar sarkin ce ban samu ba. Gobe war haka..."

"Yau nake so. Ga fuska, zana."

Gwadabe ya kunna fitilar waya, ya zana rawani, ya zana gemu, har ƙirji. Mutumin ko ƙiftawa ba ya yi.

"An gama, Alhaji. Ɗaya kan, juya katin zan yi in kwafa, ka san sarkin karta kai biyu gare shi, sama da ƙasa, ba shi da ƙafa. Ba ni hanya in sha iska."

"Kwafa?" Bakin Alhaji bai motsa ba, daga ƙasa muryar ta fito, dab da daɓe. "Ai ba mu yi kama ba, yaro. Ni ma sai ka dube ni."

Bakin rigar ya fara ɗagawa. Wani rawanin ne yake gugar ƙasa.