Fararen Yatsun Garima

"Ba zan sa ba, Hemu! Ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan sa ba!"

Garima ce tsaye a bakin shagon da nake gyaran babura a Jodhpur, jakar zanenta rataye a kafaɗa, idanunta jajir. Na ajiye sifana na miƙe.

"Haba Garu, lalle ne fa, ba garwashi ba..."

"A zuba min shi har gwiwar hannu, ban damu ba. Amma kan yatsuna a'a! A ƙofar ɗakin jarrabawa sai mutum ya dangwala yatsa a na'ura. In lalle ya rufe zanen yatsa tana iya ƙin gane ni. Ƙarara suka faɗa, kada a zo da lalle a yatsu."

"To bayan baikon ki goge mana."

Ta galla min harara. "Lallen garin mahaifiyarka ne zai gogu? Lallen Sojat? Hemraj, wani lokacin sai in rasa me na gani a jikinka!"

Nima na sha tambayar kaina hakan.

Tun bara take fama da wannan jarrabawa ta shiga makarantar zane da tsara kayayyaki. Ni da na yi sallama da boko a aji tara, sai ga ni na haddace manhajarta dole: haske da inuwa, haɗa launuka, yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, lura da motsin mutane. Ta zaunar da ni riƙe da kofin shayi tana zana hannuna har shayin ya huce ya yi fata. Ta sa na kwanta rub da ciki a tsakiyar kasuwa na ɗauko mata hoton yadda kyanwa ke ganin masu kayan miya, wai irin tambayar da suke yi ke nan. Duk na jure. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun haura ƙa'ida.

Sai malamin da ke duba mana taurari ya tsayar da ranar baikonmu: Alhamis lalle, Juma'a baiko. Jarrabawa kuma Lahadi. Na je na roƙe shi ya matsar, ya ce taurari ba babur ba ne da zan tura gefe.

Da na koma gida na tarar da mahaifiyata tana gasa gurasar roti, Buwa Kamla, ƙanwar marigayi babana, tana ɓare wake a gefenta.

"Maa..."

"In maganar lalle ce, koma inda ka fito."

"Kan yatsu kawai za a bari, Maa."

"Kan yatsu kawai! Kin ji, Kamla?"

Buwa ta yi tsaki. "Yarinyar ta shanye shi. Mu a danginmu ba a taɓa kawo amarya da fararen yatsu ba."

"Buwa, na'ura ce fa..."

"Na'urar ce za ta haifa maka 'ya'ya?"

Maa ta sauke kaskon, ta miƙo min hannayenta biyu. Tun ranar da babana ya rasu lalle bai sake taɓa su ba.

"Dubi nan, Hemu. Ka san macen da ke yawo da farin hannu: wadda mijinta ya rasu. Kai kaɗai gare ni. So kake a fara maka aure da wannan alamar?"



Ta juya ta ci gaba da murza ƙullu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuma in ta ci, tafiya za ta yi wani gari ta zauna cikin masu ilimi. Kai kana nan cikin baƙin mai. Ka taɓa tunanin wannan?"

Na taɓa mana! Kullum sai na yi.

Da yamma na kira Garima, kuma a nan na tafka shirme.

"Rabin raina, wataƙila fa na'urar ta gane ki ko da lallen..."

"Wataƙila?"

"Ina nufin..."

"Duk wahalar da na sha, a kan wataƙila za ka ɗora ta? Ko dai kai ma so kake in faɗi?"

"Garu, ki saurare ni!"

Ƙit! Ta kashe.

Na koma wajen Maa, ta ce in fita mata daga madafa. Na sake kiran Garima, waya a rufe. Na je wajen mahaifinta, ya ce shi maganar mata ba ya shiga, ya miƙo min shayi. Kai! Kan yatsu goma sun hana ni ci, sun hana ni aiki. Har tayar wani bawan Allah na ɗaura a juye, sai da ya dawo yana zagina.

Ranar Alhamis ni aka ɗora wa tiren lalle da alawa in kai gidansu, tunda daga gidan ango lallen ke fitowa. Aikina in miƙa a bakin ƙofa in juya. Ban juya ba. Na tsaya a zaure ina ta kai-komo, mata na waƙa da ganga a tsakar gida. Da na kasa haƙuri na leƙa.

Tana zaune a tsakiyarsu cikin rawayen kaya. An zane hannayenta har gwiwa, furanni da ɗawisu, saura kan yatsu kawai. Mai lalle ta ɗaga kai tana jira. Mahaifiyar Garima na roƙonta da ido. Maa na gefe cikin farin mayafinta, fuska a ɗaure.

Garima ta hango ni. Ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙa yatsunta, hawaye na gangaro mata.

"Ki rufe su," ta ce.

Ban san lokacin da na tsallake takalman mata na faɗa tsakar gidan ba.

"Tsaya!"

Ganga ta yi shiru.

"Hemraj! Ka haukace?" in ji Buwa Kamla. "Namiji a wajen lalle?"

Na durƙusa kusa da Garima na baje hannayena gaban mai lalle, duk da baƙin man da ke maƙale a farcena.

"Yatsu goma ake nema, ko ba haka ba? Ga su. Gobe ni da ita za mu zama abu ɗaya. A zuba nata a nawa."

Can wata tsohuwa ta fashe da dariya har tana tari, sauran suka ɗauka.

"Ango ya zama amarya!"

"A kawo masa mayafi da awarwaro!"

"Hemu, tashi... don Allah ka tashi, kana ba ni kunya," Garima ta raɗa min, tana kuka tana dariya.

"Ba inda za ni. Ki je ki ci jarrabawarki, Garu. In kin tafi can ma, akwai babura a garin, zan samu na gyarawa."

Ni dai Maa nake kallo. Ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali ta tsaya a kaina, na sadda kai ina jiran mari.

"Da wannan ƙazamin hannun za a sa maka lallen garinmu? A kawo ruwa da sabulu!"

Ita da kanta ta dirje min hannu kamar tana wanke tukunya. Sannan ta karɓi lallen daga hannun mai lalle.

"Matar yaya!" Buwa ta dafe ƙirji. "Ke da mijinki ya rasu, bai kamata ki..."

"Ɗana ne, Kamla."

Ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana lulluɓewa, tana matsawa da ƙarfi da gangan. Lallen ya ɓata nata yatsun, ba ta goge ba.

"Kada ka motsa, sakarai. Kamar ubanka, shi ma bai iya zama ba."

Na wuni hannu a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Hancina na ƙaiƙayi, wayata na ta ruri, yara na min waƙa. Washegari aka yi baiko, na sa mata zobe da jajayen yatsu, abokaina na shago suna ta ɗaukar hoto. Har yau Amarya suke kirana.

Ranar Lahadi da sassafe na tayar da babur zan je in ɗauke ta, sai na ji an haye bayana. Maa ce, rungume da ƙaramin kwano.

"Maa, ina kuma za ki?"

"Ja mu je. Surutu!"

A ƙofar gidansu Garima ta fito da fensiranta, tana ganin Maa ta yi turus, ta sunkuya ta taɓa ƙafafunta don girmamawa.

"Maaji..."

"Buɗe baki."

Kindirmo ne da sukari, irin wanda uwa ke ba ɗanta in zai fita neman sa'a. Ta ba ta cokali ɗaya, ta ƙara mata wani, ta goge mata gefen baki da bakin mayafinta.

"Saurara, 'yata. Kin mayar min da ɗa abin dariyar unguwa. In kika kuskura kika faɗi jarrabawar nan, ni da ke ne!"

Garima ta faɗa jikinta tana kuka. Na duba agogo, na danna hon.

"Ku yi wa Allah ku saki juna, za a rufe ƙofa!"

Su biyun suka juyo a tare.

"Yi mana shiru!"