Injiniyan da Ya Koma Aji

A ɗakin ɗaliban digiri na biyu ta fara ganinsa, ya cika allo da lissafi, hannun rigarsa duk ƙurar alli. Sabon zuwa ne. Ya karanta injiniyancin nukiliya, ya ajiye aikinsa a tashar lantarki ya dawo karatun fiziks, shi ya sa 'yan aji suka laƙaba masa Injiniya.

"Amsarka daidai ce," ta ce, "amma ka san dalilin da ya sa ta fito haka?"

Ya juyo yana murmushi. "Da na sani ai da ban bar aikina ba. A can kaurin bangon da zai kare ma'aikata kawai ake tambayata. Babu mai tambayar me ya sa."

Ita Auta ake ce mata, kuma tana gaba da shi a karatu. Ta riƙa yi masa bita da yamma, shi kuma ya gyara mata na'urar awon da ta daɗe tana ba ta ciwon kai a ɗakin gwaji. Tun yana kiranta Malama cikin tsokana, har ya koma Malamata, ita ma ta daina hana shi.

Da maganar aurensu ta isa gidan su Auta, Abba ya girgiza kai.

"Mutum ya samu aiki mai kyau ya saki, ya koma zaman benci? Ga ɗan aminina likita yana ta turo gaisuwa."

Auta ta sunkuyar da kanta ƙasa.

Ana cikin haka Injiniya ya faɗi babbar jarrabawar zangon. Dama ɗaya ta rage masa. Ya daina zuwa bita, wayarsa a kashe, sai ga labari an gan shi a tsohuwar ma'aikatarsa. Auta ta ɗauka ya haƙura da karatun, ya haƙura da ita. Ta yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska ta fito.

Rannan tana taya Umma ninke wanki saƙonsa ya shigo:

"Malamata, ki yafe min shirun nan, kunya ce. Sun ce kujerata tana nan. In na koma, Abba zai amince. Zan iya rasa fiziks, ke ce ba zan iya rasawa ba."

Ta zauna a kan tulin kayan ta rubuta:

"Abin ƙaunata, in ka koma saboda ni, duk ranar da ka kalle ni za ka tuna abin da ka bari. Ban yarda ba. Gobe bayan la'asar ka zo da littafinka."

Umma ta leƙa wayar ta kafaɗarta. Sai ta karɓa ta wuce falon Abba.

Abba ya sa aka kira Injiniya. Ya zo ya zauna a ƙasa.

"Da me za ka riƙe min 'ya?"

"Ina koyarwa a sakandare da safe, Abba. In na ci jarrabawar, sashenmu zai ɗauke ni mataimaki a ɗakin gwaji. Albashin ba zai kai na da ba, amma ba za ta nemi komai ta rasa ba."

Abba ya daɗe yana kallonsa. "Je ka ci jarrabawar, ka turo manyanka."

Ya ci, ba da rata mai yawa ba, amma ya ci.

Ranar da za a kai amarya, Abba ya haɗa su a gabansa.

"Ku biyun nan har yau ban gane abin da kuke karantawa ba," ya ce, falon ya ɗauki dariya. Sai ya ci gaba. "Amma na gane kuna son juna da gaskiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Auta ta amsa amin a cikin mayafinta, Umma na riƙe da hannunta.