Hutun Malachy da Filin Bayan Coci

Ranar da Fintan Padden ya shigo masaukin baƙi na gidan Gaughan a ƙauyen Kilbrack, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Nuala, 'yar masu gidan, ita ce a kan tebur.

"Ɗakin ƙasa nake nema, na watan Agusta," in ji shi. "Babana zan kawo hutu. Shekara arba'in da uku rabonsa da Ireland."

"Ka taso tun daga Ingila a watan Afrilu don duba ɗaki? Waya ta ƙare a can ne?"

"Ƙofar banɗaki nake so in auna. A keken guragu yake."

Dariyar ta tsaya mata. Ta ɗauko tef ɗin awo, ta riƙe masa baki ɗaya.

Kwana biyu ya yi niyya, sai ga shi ya yi shida. Nuala ta bi tsarin yawon da ya shirya wa babansa da biro ta soke rabi.

"Tsohon da ya bar yankinmu na Mayo ba duwatsun yankin Kerry yake kewa ba. Kai shi bakin teku, ka saya masa kifi da dankali, ka ƙyale shi."

Da ya koma Leeds, saƙonni suka ci gaba.

"Ɗan Ingila, Lahadin kaburbura sha bakwai ga Agusta ce. Kowane gida zai tsaya kan kabarin nasa. Ka sa ta a tsarin."

"Na sa. Ke ma na sa ki a kowace rana. Ina kewarki, Nualata."

"Daɗin baki. Ka dai zo da rigar ruwa ta kirki."

Ya dawo a Mayu, ya sake dawowa a Yuni. A zuwan nan ne Dessie Barrett, wani makiyayi da ya daɗe yana neman auren Nuala ba ta kula shi, ya hango shi yana fitowa daga ofishin lauya a garin Castlebar. Ana tashi daga coci ya kai wa babanta, Colman, labari.

Akwai fili a bayan cocin, na kakar Fintan ne. Da ta rasu shekara talatin da suka wuce, ɗanta Malachy, baban Fintan, bai zo ba. Colman da maƙwabta ne suka haƙa kabarin, kamar yadda aka saba. Tun daga nan tumakinsa ke kiwo a filin, shi ke gyara katangar dutsen, babu takarda, babu kuma wanda ya taɓa ta da maganar.

"Ba ke yake nema ba," Colman ya ce da ita a wajen cin abinci. "Fili yake nema, ke ce ƙofar."

"Haba Baba!"

"Tambaye shi me ya kai shi wurin lauya."

A bakin teku ta tambaye shi, iska na kaɗa musu riguna. Da ya ce ƙarya ce, da ta yarda, shi ma ya san haka.

"Gaskiya ne. Baba ya ce in bincika. Har yanzu sunan kakata ne a takardar."

"Kafin ka san ni ya aike ka, ko bayan nan?"

"Tun kafin. Amma bayan na san ki na je."

"Ka ci abinci a teburinmu, ka tashi ka tafi can."

"Nuala, likita bai ba shi lokaci mai tsawo ba. Abu ɗaya tak ya roƙe ni."

"Nawa uban kuma hannayensa duk sun tsage a kan katangar nan. Ɗakinku na nan, mu ba ma soke wa baƙo ɗaki. Sauran kuwa ka soke."

Mutum biyu na iya samun gaskiya a kan fili ɗaya, wanda aka haifa a kansa da wanda ya tsufa yana kula da shi. Fintan ya yi mako bakwai yana juya wannan a ransa. Sau ɗaya ya rubuta mata.

"Ba zan ce ban yi ba. Ban san yadda zan cika wa Baba burinsa ba tare da na rasa ki ba. Ina sonki."

Ba ta amsa ba.

Ranar Lahadin kaburbura an kwana ana ruwa. Kowane gida ya tsaya a wurinsa a maƙabartar da ke kan tudu, ana jiran fadan cocin ya fara addu'a, sai ga Fintan yana turo tsohonsa. Tsakiyar hawan, ƙafafun keken suka nutse a taɓo. Ya tura, ya sake turawa. Mutum ɗari biyu na kallo, babu wanda ya motsa, kowa na satar kallon Colman.

Colman ya miƙa wa matarsa hularsa, ya gangaro.

"Kama can, Padden. Ɗaga."

Suka ɗauke keken ɗungurungum har gaban kabarin mahaifiyar Malachy. Babu ko tsinken ciyawa a kansa, ga dutse an rubuta sunanta. Malachy ya san bai taɓa aiko da dutse ba.

"Wa ya sa wannan?"

"Ba a barin mace babu suna," in ji Colman.

"Colman, har yanzu fuskarka kamar ta tsohon rago."

"Kai kuma ka makara da shekara talatin. Filin naka ne, ban taɓa cewa nawa ba ne. Abin da ya ci min rai, lauya ka aiko, ba ka aiko gaisuwa ba."

Malachy ya sake duban dutsen. "Da wane ido zan gaishe ka? Dalilin dawowa nake nema, sai na laƙe wa fili."

Fintan ya zaro takarda daga aljihu, amma ba wa dattawan ya miƙa ba. Nuala ya nufa, inda take tsaye bayan mamanta.

"Na koma wurin lauyan jiya. Ko Baba ya karɓa ko ya bari, na sa hannu ni ba zan gaji ko taki ɗaya ba. Yanzu ba ni da abin nema a garin nan sai ke."

Ta karanta har ƙasa, a hankali.

"Kai wawa ne, ɗan Ingila," ta ce, hawaye na zubo mata. "Filin nan ya fi kowane kyau a ƙauyen."

Malachy bai koma Leeds ba. Hutun mako biyu ya miƙe, kullum da rana Colman na tura shi zuwa bakin katangar suna gardama kan tumaki. Ganin jikin tsohon, ba a ja lokaci ba, aka ɗaura auren a watan Oktoba. A wajen liyafa Colman ya miƙe da kofi a hannu.

"Na yi wa yaron nan mummunan zato, kuma rabinsa gaskiya ne. Rabin da ya saura ya ishe ni. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu zuwa jana'izar iyayensu."

Malachy ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.