Mai Tsaron Gida

Tamaula ce ta haɗa su. Hamidu ya zo hutu Bungudu daga makarantar boko, a shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau. Ya narka wa ƙwallon shuri, ta tsallake darni ta faɗa ƙwaryar wata budurwa mai suna Yelwa. Ta miƙo masa ita duk ta yi furu-furu da gari.

"Wagga kabewa taka ta?"

Ya karɓa yana sosa ƙeya. Kafin hutu ya ƙare ya zama "Nawa", ita kuma "Yelwata".

Malam Yari, mahaifinta, ya ce atafau. "Ɗiyata ba ta auren ƙato mai bin fata da gudu, gwiwa waje." Ga Jatau ɗan kokawa yana ta zarya gidan. Hamidu ya cika fam. Jatau da walki kaɗai yake shiga fili, amma wai shi ne mai tsiraici!

"Kwantar da hankalinka, Nawa," in ji Yelwa. "Na roƙi Baba, ya yarda shi zo Gusau ranar wasanku da yaran Tsahe, shi gani da idonai. Ka nuna mai kai namiji na."

Nan fa ake yin ta. Hamidu bai taɓa gaya mata cewa saboda tsawonsa tsakanin sanduna biyu ake ajiye shi ba. Ya roƙi malamin wasa ya sa shi gaba ko sau ɗaya, har da rantse-rantse. Malamin ya ce ya koma wurinsa.

Aka fara. Ana gudu, ana ihu, ana yi wa abokin wasansa Haruna kirari don ya ci ƙwallo, shi kuwa yana tsaye kamar turke. Da ƙyar ƙwallo ta leƙo wajensa, ya cafke. Takaici kamar ya kashe shi. Yana hango Malam Yari ƙarƙashin malafa, fuska a murtuke, ya san ya rasa Yelwa.

Da aka tashi, tsohon ya yafito shi.

"Na gani. Duk mahaukata na. Kai ɗai ka tsaya wuri guda da natsuwa, kai ɗai ka ɗauki abu da hannu kamar ɗan Adam. Mi aka ce ma aikin naka?"

"Tsaron gida, Baba."

"Madalla. Na ba ka. Amma ran da duk ka shiga cikin masu gudun can, ka maido min ɗiyata."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka yi ta Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya. Yelwa ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, ta ga ango ya zuba tagumi.

"Mi ya same ka kuma?"

"Yelwata, ban taɓa cin ƙwallo ba. Yanzu kuwa har abada."

Ta yi dariya har da hawaye. "To je ka ci, in koma gidan Baba."

"Ina! Ina nan tsaye."