Kwanukan Malama Salamatu

Rahmatu na durƙushe gaban kabad ɗin mahaifiyarta, Gwaggo Talatu na tsaye a kanta riƙe da ƙugu.

"Buɗe na ƙasan!"

Ta buɗe. Babu komai sai kwalbar ƙaro, da allura, da guntayen atamfa.

"Innalillahi! Salamatu, Allah ya ji ƙanki, amma kin gama da mu! Da idona na ga jerenta ran da aka kawo ta gidan nan, kwano har bakin rufi. Ina suka shiga?"

"Gwaggo, kin san Inna da kai wa mutane abinci..."

"Abinci ake kaiwa, ba kwano ake kyautarwa ba! Ga biki ya matso, da me za mu yi miki jere? Da ƙaro?"

Rahmatu ta rufe kabad ɗin. Ta gaji da kuka, ta gaji da amsa gaisuwar mutuwa, yanzu ga wannan.

Malama Salamatu ita ce mai kula da laburaren wata makarantar 'yan mata a Wudil. Laburare dai a suna, ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, amma ta riƙe shi kamar ɗakin aurenta. Littafi ya yage, ta ɗinke shi, ta shafa ƙaro, ta yanki tsohon zanenta ta yi masa riga. Yarinya ta shigo da hannun mai, sai ta koma ta wanko. Ba ta duka, ba ta tsawa, kallo kawai take yi. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ta rene Rahmatu har ta kai ta kwalejin malamai a Kano. Da yamma kuwa, in ta taso, sai ka gan ta da langa ɗaure a ƙyalle ta nufi wani gida. Mutane suka ce Malama akwai zumunci, suka bar zancen a nan.

Sai ta rasu ana saura kaɗan bikin 'yarta da Halliru. Kuma a wane zamani! Kuɗin fetur ya shigo, an raba wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa ya haukace. Wanda jiya ba shi da jaki yau yana tambayar farashin mota Fijo. Ɗakin amarya ya zama kanti, mata na shiga suna auna mutuncin gida da tsawon jere. Hajiya Safara'u, uwar Halliru, matar babban dillalin shanu, tana gaba a wannan layi.

Bayan la'asar Halliru ya jingine babur ɗinsa Honda a ƙofar gida, suka zauna a zaure da Rahmatu. Ya daɗe yana juya makulli a hannu.

"Faɗi mana," in ji ta. "Kada ka ɓoye. Na san Hajiya ta ji."

"Ta ji. Ta ce a ɗaga biki. Wai ba za a kawo mata amarya ɗaki kamar masallaci ba, ƙawayenta su yi mata dariya." Ya matso. "Sori, Rahma. Amma ina da dabara. Gobe in shiga Kano in sayo komai, a shigo da shi ta bayan gida. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Direban da ya ɗauko zai sani, kafin magariba Wudil ta sani. Kayan ɗaki daga gidan mace suke fitowa, Halliru. Ka saya min, har jikokina a yi musu gori, a ce uwata ta kasa."

"Filis, ki bar taurin kai! Kwano ne fa, kwano!"

"Gaya wa Hajiya haka."

Ya dube ta. Hawaye na zubo mata, ba ta ko share ba.

"Zan jira," in ji shi. "Ko shekara nawa ne."

"Allah ya ba mu haƙuri."

Aka ɗaga biki. Gari ya ɗauka. Makaranta ta ba Rahmatu riƙon laburaren, kullum ta tafi ta zauna a kujerar uwarta, ta dawo ta tarar da Gwaggo da sabon labarin wanda ya ce kaza. Wasu ranakun, Allah ya sani, har haushin marigayiyar take ji.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, wata mata ta yi sallama da goyo a baya da langa a ka. Ta ce sunanta Mairo, daga Indabo. Aka gaisa, aka yi gaisuwar rashi, aka yi addu'a. Sannan ta kwance ƙyalle. Gwaggo ta zabura.

"Wannan ai langar Salamatu ce!"

Mairo ta ɗaga murfi. A sama gyaɗa ce soyayya. A ƙarƙashi, naɗe da tsumma, littafi ne sanye da rigar atamfa. Rahmatu ta gane zanen, shi uwarta ke ɗaurawa ranar sallah.

"Ina aji biyar aka cire ni aka yi min aure," in ji Mairo. "Maigidana ya ce in ya ga takardar boko a gidansa murhu za ta. Sai ga Malama da langar dambu. Wa zai hana kwanon abinci shiga gida? Na cinye dambu, na tarar da littafi. Langar takan zauna wurina har in gama, in ta kawo wani a wata langar sai ta tafi da wannan. Ba ni kaɗai ba ce, muna da yawa. Kowane gida da kwanonta ɗaya a ajiye."

"Shi maigidan fa?" Gwaggo ta tambaya.

"Ran da yaronmu ya yi zazzaɓi na karanta takardar magani, daga ranar ya sani. Yanzu ni ke karanta masa ta takin zamani, har yana cika baki a majalisa." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "Da muka ji rasuwar, muka rasa wa za mu mayar wa. Shi ke nan, na ce, an rufe."

Rahmatu ta tashi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani littafi, ta naɗe, ta sa a langar, ta zuba ƙuli-ƙuli a sama, ta miƙa wa Mairo.

"Rahmatu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kwano ɗaya tal Allah ya maido miki, ki sake ba da shi? Ciwon uwarki ne ya kama ki! To ki zauna, ki tsufa a gida, ki auri laburare!"

"Ba ta gama karatu ba, Gwaggo."

Faɗan Gwaggo kuwa ba ya tsayawa a tsakar gida. Mairo ta ji komai, har zancen ɗaga biki, ta tafi da shi a bakinta.

Bayan sati biyu, da hantsi, sallama ta fara. Daga cikin gari, daga Darki, daga Ɗankaza, wasu mazansu ne ma suka kawo su a kan babur. Kowace da kwanon Malama, kuma kowa ya san ba a mayar da kwano haka nan. Wata ta sa tasa a ciki, wata ta ciro mafi kyau daga nata jeren ta haɗa. Tsakar gida ta cika har babu wurin taka ƙafa. Gwaggo, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta zauna a kan turmi tana ta sharɓar kuka.

Hajiya Safara'u ta ji hayaniya ta zo ganin ƙwaƙwaf. Tana shiga ta yi turus. A tsakiyar matan ga Saudatu, 'yarta ta cikinta da ke aure a Darki, rungume da kwano.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

"Hajiya, wasiƙun da nake aiko miki, wa kike zaton ya koya min? Ku kun cire ni ina aji uku."

Hajiya ta dubi 'yarta, ta dubi kwanukan, wasu duk sun ɓantare a baki saboda yawo. Sannan ta gyara mayafi ta ce da Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa, "A sa rana."

Aka yi biki, aka yi jere har bakin rufi. Halliru ya shigo ya ɗaga kai yana murmushi.

"To amarya, ɗaki ya cika."

"Kalle shi da kyau yau," in ji Rahmatu. "Jibi za su fara fita."

Ku 'yan mata, da ku iyaye masu auna mutum da kayan ɗakinsa, ku ji da kyau. Haƙuri ɗaci gare shi, kuma yana gajiyar da mutum, amma Allah ba ya tozarta mai yinsa. Malama Salamatu ba ta tara komai a kabad ba, a gidajen mutane ta yi ajiyarta, kuma ran da 'yarta ta buƙata, da ƙafarta ajiyar ta dawo. Allah ya ji ƙanta, ya kai haske kabarinta.