Muryar da Ke Ƙirjin Pwajok

Da yammacin wata Alhamis, a tsakiyar damina, Inna Tabawa ta tuƙa tuwon shinkafa, ta zuba miyar taushe a ƙaramar langa, ta ɗaure su a tsohon ɗankwali ta miƙo mini. Ta ce in kai wa abokina Pwajok, tunda ya ɗauke mana ƙafa ya daina zuwa unguwarmu Gangare cin tuwonta. Ni dai ban so aiken ba, don hadari ya haɗo kuma ƙafafuna sun gaji da tsayuwar asibiti, amma wa ya isa ya yi musu da Inna. Na ɗaure ƙunshin a bayan keke na kama hanya.

Tare muka fara karatun likita da Pwajok a nan Jos. Dogo ne, mai dariyar da ake jiyowa daga bayan katanga, kuma shi ne mutum na farko a ƙauyensu da ya taka wannan mataki. Tun bai san sunan ƙashi ko ɗaya ba mutanensu suka laƙaba masa Likita. In ya je hutu, tsofaffi ne ke layi a ƙofar gidansu da ciwon gwiwa da na baya, ranar Lahadi kuma a yi masa addu'a ta musamman a coci. Sai ga babbar jarrabawar da ke raba mu da ɗakin gawarwakin da muke koyon sassan jiki ta zo. Ni na tsallake da ƙyar, shi ya faɗi. Aka ce ya maimaita shekara tare da ƙannenmu, shi kuwa ya kasa buɗe baki ya faɗa wa mahaifiyarsa.

Daga nan ya fara janyewa. Ya bar ƙwallo, ya bar ɗakin kwanan ɗalibai ya kama wani ɗan ɗaki a ƙarshen unguwar Jos Jarawa. Ya rame har wandonsa na zamewa. In ka same shi da littafi a gaba, ka je ka dawo, shafin nan dai za ka tarar. Mu kuwa 'yan ajinsa muna zolayarsa cewa wata ce ta yi masa tsiya. Ya ga likitan ɗalibai, aka gwada jini, aka duba ƙirji, aka ce lafiyarsa ƙalau, aka ba shi ƙwayar ƙarin kuzari aka ce ya dage da karatu.

A lokacin ban daɗe da samun abin sauraren ƙirji ba, robar nan da likitoci ke ratayawa a wuya. Ɗoki ya sa ko masallaci da shi nake zuwa a aljihu. Babu ƙirjin da ban saurara ba a gidanmu, har na akuyar Inna.

Na tarar da ɗakin Pwajok a buɗe, babu kowa. Maƙwabciyarsa Cordelia tana kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Ta dube ni ta girgiza kai.

“Oga Lukuman, abokinka ba ya ci abinci, ba ya magana da kowa. Yamma ya yi, sai ya tafi wurin ruwa can bayan dutse. Ni ina jin tsoro fa.”

Na san ruwan da take nufi. Tsohon ramin haƙar kuza ne da Turawa suka tafi suka bari, ruwan sama ya cike shi. Irinsa ba ya da gaɓa, taku kaɗan daga baki sai zurfi.

Na tura keken ta wata siririyar hanya tsakanin shingen ƙyarana. Gidaje suka ƙare. Hazo ya fara saukowa daga kan duwatsu, mai sanyi, yana jiƙa mini gashin hannu. Iska na ɗauke da ƙamshin bishiyar turare da warin laka. Kwaɗi na ta kuka ta ko'ina, langunan Inna na ƙara a bayana duk sanda tayar ta ci karo da dutse.

Da na sha kwanar dutse na ƙarshe, kwaɗin suka yi tsit.

Ruwan na kwance, kore shar, ko motsi babu. Pwajok na zaune a kan tudun jar ƙasa a bakinsa, da singileti kawai a cikin wannan sanyi. Na jingine keken a jikin dutse daga sama, na gangara ina yi masa tsiya, wai Inna ta ce in bai cinye tuwon nan ba ta cire shi daga cikin 'ya'yanta. Bai yi dariya ba. Bai ma waiwayo ba. Sai da na zauna kusa da shi ya tambaye ni, a hankali, ko na zo da abin saurarena.

“Saurara mini, mutumina. Akwai abu a ciki.”

Na ce masa manyan likitoci sun duba ba su ga komai ba, balle ni ɗan koyo. Ya ce su da rana suka duba. Don in faranta masa rai na ciro abin, na sa a kunne, na ɗora bakin ƙarfen a ƙirjinsa. Fatarsa sanyi ƙalau. Zuciyar na bugawa daidai, kamar yadda littafi ya ce. Huhu fes. Na buɗe baki zan ce masa lafiya lau, sai ya kama hannuna ya zame shi ƙasa kaɗan, wurin da haƙarƙari suka rabu.

Da fari ɗigar ruwa na ji. Ɗis. Ɗis. Kamar rufin da ke yoyo a ɗakin da ba kowa.

Sai numfashi. Ba nasa ba, don ina kallon ƙirjinsa bai ɗaga ba.

Sai murya.

Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, tana fitowa kamar daga cikin randa. Da Birom take magana, yaren su Pwajok da ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa, amma babu kalmar da ta wuce ni. Ba faɗa take yi ba. Lallashi take, irin na uwa. Tana ce masa ba zai taɓa iyawa ba, tun farko ma kuskure aka yi aka ɗauke shi. Tana ce masa ranar da mahaifiyarsa za ta ji gaskiya ba za ta ƙara ɗaga kai a coci ba. Tana ce masa ya zame wa kowa kaya, ga wuri nan shiru, babu jarrabawa, babu mai kiransa Likita.

Na so in cire hannuna. Yatsuna suka ƙi.

Muryar ta tsaya, kamar wanda ya ji motsi a bayan ƙofa. Sannan ta juya Hausa, Hausar cikin gidanmu.

“Tanko,” ta ce. Inna kaɗai ke kirana da wannan suna. “Kai ma ka gaji. Yaushe rabonka da barci? Matar nan da ta cika shekaranjiya kana tsaye a kanta, me ka iya yi mata? Haka za su yi ta mutuwa a gabanka har ka tsufa.”

Wallahi ban ji tsoro ba a lokacin, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro har yau. Daɗi na ji. Wani ya faɗi abin da ke raina ba tare da na wahalar da bakina ba. Jikina ya yi nauyi, ya yi laushi. Na ji babu abin da nake so a duniya irin in kwanta.

Sanyi ya taɓa mini idon sawu.

Ya hau gwiwa.

Ban san sanda muka miƙe ba. Muna tafiya tare cikin ruwan, robar ta haɗa kunnena da ƙirjinsa, yana gaba da baya da baya, ina bin sa. Na kalli ƙasa. A cikin koren ruwan, can ƙasa inda haske bai kamata ya kai ba, akwai mutane a zaune. Sun jeru, sun haɗa kai da gwiwa. Babu mai motsi. A gefensu an bar wuri.

Laka ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafata.

Sai wata ƙara ta tsaga wurin. Iskar hadari ce ta kayar da kekena, langunan Inna suka kwance suka gangaro kan dutse suna kwaramniya, murfi na bin murfi. Na zabura. Abin sauraren ya fizge daga kunnena ɗaya.

Na cafki singiletin Pwajok na ja. Ta yage. Na rungumo ƙugunsa. Nauyinsa ya fi na mutum, kamar ana riƙe da ƙafafunsa daga ƙasa. Ina salati, ina kuka, ina ja, har muka zube tare a kan jar ƙasa. Ruwan sama ya ɓarke. Da na waiwaya, ɗigon ruwa na dukan ko'ina, amma fuskar ramin nan sumul take, ko ɗigo ɗaya bai huda ta ba.

A kafaɗa na kai shi gidan Cordelia. Washegari na je ƙauyensu na faɗa wa mahaifiyarsa, Mama Firisila, komai game da jarrabawar. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, ta ce ɗanta take so ba likita ba. Ta zo ta tafi da shi gida. Fasto ya yi addu'a, Inna ta aika da rubutu, wani likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta magani. Da na ba wani malaminmu labarin abin da na ji, sai ya dafa kafaɗata ya ce kowane ɗalibin likita sai ya ji irin waɗannan abubuwa, in je in yi barci.

Da kaka na kai masa ziyara. Na same shi zaune a gindin katanga, ya ɗan yi ƙiba, idanunsa dai ba kowa a ciki. Mama Firisila ta kawo mini kunun acca, sannan ta roƙe ni in saurari ƙirjinsa in faɗa mata gaskiya. Na ɗora ƙarfen a wurin nan da haƙarƙari suka rabu. Na daɗe ina saurare. Zuciya kawai. Babu ɗiga, babu murya. Na ce mata ban ji komai ba. Ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, ta ruga bayan ɗaki kamun kaza.

Pwajok ya bari sai da ta yi nisa.

“Muryar ta tafi tuntuni,” ya ce. “Ba ta da sauran aiki a nan. Yanzu ni nake faɗa wa kaina maganganunta.”

Kafin in tafi na ja Mama gefe na ce kada a bar shi shi kaɗai, ko da rana. Ta dube ni da kazar a hannu, ta ce ba yanzu na ce ban ji komai ba? Na yi mata sallama. Na hau keke na bi ta bayan gidan don in yanke hanya, kuma a nan, ƙasa da gonar dankalinsu, inda ko yaro zai kai ba tare da ya gaji ba, na ga wani tsohon ramin kuza cike da koren ruwa.