Allurar Alade

"Sake faɗa in ji! Me ake yi maka a asibiti?"

Muryar Baba ce ta fito da ni daga kicin da gudu, ludayi a hannu. A bayan gidanmu na Narayi na same su, bakin ɗakin aladu. Mahaifina, Baba Filibus, shekara talatin ya yi yana aikin dabbobi kafin ya yi ritaya, har yau kuma duk wanda aladensa ya yi ciwo a unguwar, shi yake nema. Istifanus kuwa, wanda saura mako uku ya zama mijina, yana tsaye riƙe da wata 'yar kwalba, yana murmushi irin na wanda bai san ya taka wuta ba.

"Cewa na yi, Baba, irin wannan ce ake sa min a ƙarin ruwa. Ketamin. Sunan na gani a jiki..."

Haba Isti! Gaisuwa ka zo, aka ce miƙo kwalba, ai sai ka miƙa ka ja bakinka!

"Allurar alade?" Baba ya fizge kwalbar. "Wadda nake kwantar da dabba da ita in ɗinke ta? Wadda 'yan iska ke sata su bugu? Scholastica! Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba. Likita ce ta rubuta masa. Ciwon damuwa ne."

"Damuwa! Wa ba shi da damuwa a Kaduna?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Tun da ƙanin Isti ya rasu a haɗarin mota, shekara uku ke nan, ciwon ya kama shi. Ya sha ƙwayoyi kala uku, babu wadda ta karɓe shi. Daga baya likita ta ce a gwada wannan, 'yar kaɗan a cikin ruwa, sau shida, Talata da Juma'a, a gaban nas. Huɗu ya yi, kuma da idona na ga ya koma shagonsa na gyaran firij, yana cin abinci, har yana tsokanata.

Baba ko kallona bai yi ba.

"Saurara, samari. An karanta sanarwar aurenku sau biyu a coci, saura ta uku. Ko ka bar allurar nan, ko in je wurin Fada in ce a tsaya. Ba zan ba da 'yata ga wanda ake bi da maganin dabba ba!"

Da na raka Isti bakin titi na riƙe masa riga.

"Gobe Talata za ka je, ko?"

"Zan je, Skola tawa."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalle ni ya faɗa. Ashe ƙarya ya shirga min.

Ranar Laraba wayarsa a kashe. Alhamis da hantsi na hau keke zuwa unguwarsu, Nasarawa. Shagon a kulle. A tsakar gidan da yake haya, maƙwabciyarsa Maman Joseph ta tare ni tana goge hannu da zani.

"Gara da kika zo, my sister. Tun Talata bai leƙo ba. Jiya ma ya miƙo wa maigidana akwatin kayan aikinsa, wai ya riƙe, shi ba zai ƙara buƙata ba."

Mai gyaran firij ya ba da kayan aikinsa kyauta? Na buga ƙofar da ƙafa.

Yana kwance ya juya wa duniya baya, labule a sake, shinkafar da ya saya tun Litinin ta yi tsami a roba. Na yaye labulen da ƙarfi har ƙusa ta fita.

"Tashi! Ka je ko ba ka je ba?"

"Skola... Baba ya ce..."

"Baba ne likitanka?"

"Ba na so in rasa ki."

"To ni fa? Ni ce nake son in rasa ka? Gawa kake so in aura, Istifanus? In sa farin kaya yau, jibi in sa baƙi?"

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Wallahi tausayi da haushi suka cakuɗe min, haushin ya fi yawa. Haushin Baba, haushin Isti da ladabinsa mai kashe mutum, haushin kaina da na yarda da "zan je".

A nan na kira likitarsa. Ta yi magana da shi mai tsawo, ta ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi gobe ta duba shi, allura kuma sai Talata. Na tattara masa kaya na kai shi gidan yayarsa a Unguwar Mu'azu.

Juma'a, daga asibiti, ofishin Fada na wuce.

"Fada, kada a karanta ta uku."

"Ke da kanki, Scholastica?"

"Ni da kaina. Har sai ya gama magani."

Ranar Lahadi aka karanta sanarwar mutum biyu, aka tsallake tamu. Na ji matan zumunta suna juyowa a bayana kamar kaji sun ga shaho. Baba ya daure har muka shiga gida, sannan ya fashe.

"Kin kunyata ni a gaban jama'a! Wa ya sa ki?"

"Ba abin da kake so ka yi ke nan ba? Na hutar da kai tafiya."

"Ni kike gaya wa magana?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Mama na ja min hannu, ina fizgewa.

"Ka ce ya bari, ya bari! Ka san abin da na tarar? Kwana uku bai ci ba, Baba! Ya raba kayan aikinsa! Da na ƙara kwana ɗaya, wataƙila yau sanarwar jana'iza za ka ji a cocin nan, kuma kai za a sa a kujerar gaba!"

"Scholastica..." in ji Baba.

"Kai da ake tayar da kai kana cin abinci saboda alade ya ƙi tashi, ka bar tuwon ka tafi! Ɗan mutum ya ƙi tashi, ka ce wa ba shi da damuwa! Talata, ƙarfe goma. In kana da tambaya, likita na can."

Na shige ɗaki na banko ƙofa.

Talata ina zaune gefen gadon Isti a asibiti, an ɗaura masa ruwan, na'urar awon jini na matse masa dantse lokaci-lokaci. Idonsa a lumshe, ya ce ji yake kamar ɗakin ya yi nisa. Sai na ji ana gardama a ƙofa.

"Surukina ne a ciki, ki ba ni hanya!"

Baba ne, da takalmin robansa na aiki. Bai gaishe ni ba, kai tsaye wurin likita ya nufa.

"Kilo nawa ne shi? Nawa kuka ja? A minti nawa za ta shiga?"

Likitar ba ta yi fushi ba, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Na ga leɓensa na motsi yana auna abin a kansa.

"Wannan ai... ko barci ba za ta sa shi ba."

"Ba barci muke nema ba, Baba," in ji ta. "Kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Shi dai ta fara yi masa. Amma sai ya ci gaba da zuwa ganina, kuma sai gida sun tsaya masa."

Baba ya daɗe yana kallon Isti, yadda ya rame cikin mako guda. Isti ya buɗe ido da ƙyar, ya yunƙura zai tashi ya gaishe shi.

"Kwanta, kai!" Baba ya daka masa tsawa. "Kuma in na ƙara ce maka ka bar magani, ka ce min a'a. Kana ji na? Ka ce a'a, Baba!"

"To, Baba."

"Ba to ba!"

"...A'a, Baba."

Hawaye suka zubo min, na share da sauri don kada ya gani.

"Wurin Fada ni zan je a karanta ta uku," Baba ya ce, yana kallon bango. "Amma sai ya cika shidan."

Ban ce na gode ba. Zuciyata ba ta huce ba tukuna, kuma ya sani. Ya tsaya nan tsakiyar ɗaki, tsoho da hula a hannu, bai san inda zai sa kansa ba.

Na ɗauke jakata daga ɗaya kujerar.

"Zauna, Baba. Saura minti ashirin ruwan ya ƙare."